Na'urar da ake dasawa a ido: wane makaho take iya buɗe wa gani?

A watan Oktoban 2025, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da aka gudanar a asibitoci 17 na ƙasashen Turai biyar, inda aka dasa wa tsofaffi 38 wani ɗan guntun silikon mai suna PRIMA a can ƙuryar ido. Cikin mutum 32 da aka ci gaba da duba su har shekara ta zagayo, 26 sun samu ƙarin gani na aƙalla layi biyu a allon haruffan da ake gwada ido da shi, da yawansu kuma sun koma karanta lambobi da kalmomi a gidajensu bayan sun daɗe da fid da rai. Labari irin wannan, kafin ya iso Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri ta rediyo da wayoyin hannu, yakan zubar da rabin sharuɗɗansa a hanya, sai ya iso da sigar cewa Turawa sun ƙera ido kuma makaho zai gani. Wanda ke da uba ko ɗa marar gani a gida ba zai ji wannan magana ya bar ta ta wuce ba, domin nan take zuciyarsa za ta shiga lissafin gona da shanu da kuɗin jirgi. Shi ya sa ya dace a warware zancen dalla-dalla, a san abin da na'urar ke yi, da irin ganin da take bayarwa, da kuma waɗanda take iya taimaka wa cikin makafinmu.

Sai an san yadda ido ke aiki kafin a gane inda na'urar ke shiga. Haske yana ratsa tantanin nan garau da ke gaban baƙin ido, ya wuce ta ɗan ramin da ke tsakiya, ya bi ta madubin cikin ido wanda ke tattara shi wuri ɗaya, sannan ya sauka a kan wata shimfiɗa da ke manne da bangon ido ta ciki, wadda likitoci ke kira ratina. Kaurin wannan shimfiɗa kimanin rubu'in milimita ne kawai, amma hawa-hawa take. A hawan ƙasa akwai ƙwayoyin halitta masu kama haske: kimanin miliyan 120 masu aikin dare da duhu-duhu, da kimanin miliyan 6 masu rarrabe launi da ƙananan abubuwa, waɗanda suka fi cunkushewa a wani ɗan wuri da ke tsakiyar ratina mai suna makula. Waɗannan ƙwayoyi ne ke mayar da haske ya zama siginar lantarki, su miƙa ga hawa na biyu, shi kuma ya miƙa ga na uku, wanda zaruruwansa kimanin miliyan ɗaya suka haɗu suka zama jijiyar gani. Jijiyar ce ke kai saƙon har ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, kuma a can ne ake gani na haƙiƙa. Abin lura shi ne, saƙon ƙwayoyi sama da miliyan 120 ba ya shiga zaruruwa miliyan ɗaya sai an tace shi, an taƙaita, an ware motsi daban, gefen abu daban, ƙaruwar haske daban, raguwarsa daban. Wato ratina tana yin lissafi mai yawa tun kafin ƙwaƙwalwa ta samu komai.

Duk wanda ya kafa sola a gidansa zai fahimci dabarar cikin sauƙi. Idan farantin da ke kan rufi ne ya mutu amma waya da batir suna nan lafiya, sai a sauya faranti wuta ta dawo. Idan kuwa wayar ce ta ƙone, ko an kawo farantin da ya fi kowane tsada a kasuwa, ɗakin zai ci gaba da zama cikin duhu. Na'urorin da ake dasawa a ratina sauyin faranti ne kawai. Suna maye gurbin ƙwayoyin da ke kama haske, amma sun dogara kacokan ga sauran hawan ratina da jijiyar gani da ƙwaƙwalwa su kasance da rai.

Cututtuka biyu ne suka fi dacewa da wannan siffa. Ta farko ita ce cutar gado da ake kira ratinaitis figmentosa, wadda ke kama kimanin mutum ɗaya cikin 4,000. Takan fara da dundumi tun ana yaro ko saurayi: da rana lafiya lau, amma da an kira sallar magariba sai ka ga yaro yana tuntuɓe da butoci da takalman da ke ƙofar masallaci, yana lalubar bango kafin ya samu sahu. Da shekaru suka ja sai ganin gefe-gefe ya riƙa tsukewa, har ya kai mutum zai iya tsintar allura a ƙasa idan idonsa ya faɗa kanta daidai, amma ya yi karo da jakin da ke tsaye kusa da shi, abin da kan sa jama'a su zarge shi da ƙaryar makanta alhali kuwa gaskiyarsa ce. Ta biyu ita ce lalacewar makula saboda tsufa, wadda ke yin akasin haka: tana cinye tsakiyar gani ta bar gefe, sai tsoho ya iya zagaya tsakar gida ba jagora amma ba ya gane fuskar jikansa, ba ya iya karanta ko harafi ɗaya. Nau'inta mai tsanani da ke busar da tsakiyar ratina ya kama mutum kimanin miliyan 5 a duniya. A duka biyun, ƙwayoyin kama haske ne ke mutuwa, yayin da kaso mai yawa na ƙwayoyin sauran hawan ke rayuwa shekara da shekaru babu mai aiko musu da saƙo.

Sanin cewa lantarki na iya haifar da ganin haske tsohon abu ne. A 1968, a Kambirij ta Ingila, Giles Brindley da Walpole Lewin sun shimfiɗa ɗigogin lantarki 80 a kan ƙwaƙwalwar wata mata makauniya mai shekara 52, kuma da aka kunna su ta riƙa ganin ƙananan ɗigogin haske a wurare daban-daban. A shekarun 1990, Mark Humayun da Eugene de Juan a Amurka suka gwada taɓa ratinar makafi da 'yar wutar lantarki na ɗan lokaci a ɗakin tiyata, mutanen suna farke suna faɗin abin da suke gani. Humayun, wanda aka haifa a Pakistan, ya sha faɗin cewa makantar kakarsa sakamakon ciwon sukari ce ta karkatar da shi zuwa wannan fanni. Daga aikinsu ne aka samu na'urar farko mai ɗigogi 16 da aka fara dasawa a 2002, sannan magajiyarta Argus II, ta kamfanin Second Sight da ke Kalifoniya, wadda Turai ta amince da ita a 2011, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma a Fabrairun 2013.

Yadda Argus II ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ake ganin ƙarfin wannan fasaha da rauninta gaba ɗaya. Mutum yana sanya tabarau mai ɗauke da 'yar kyamara a daidai karan hanci. Hoton yana bin waya zuwa wata 'yar kwamfuta da ake ratayawa a ƙugu, ita kuma ta rage shi ya zama murabba'ai 60 masu haske da duhu, ta mayar da shi ga tabarau, daga nan a cilla shi ba tare da waya ba zuwa wani ɗan akwati da aka ɗaure a jikin ƙwayar ido. Daga akwatin ne wani siririn zare ke shiga cikin ido zuwa wata 'yar tabarma mai ɗigogin lantarki 60, layi shida sau goma, wadda aka kafe a saman ratina da 'yar ƙusa. Sai a kwatanta 60 da zaruruwa miliyan ɗaya na jijiyar gani. Abin da mai ita ke gani ba hoto ba ne irin wanda ya sani kafin ya makance. Walƙiya ce fari-fari da ke bayyana ta ɓace, a cikin fili ɗan ƙarami da bai wuce digiri 20 ba. Tunda kyamarar tana kan tabarau, juya ƙwayar ido ba ya canza komai, dole mutum ya riƙa kaɗa kansa hagu da dama yana tara guntayen haske a zuciyarsa har ya gane cewa wannan ƙofa ce, wancan kuma mutum ne a tsaye. Mafi kyawun sakamakon da aka auna a gwajinta shi ne 20/1260, ma'ana abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga nisan mita 63, shi sai an kawo masa shi mita ɗaya. A dokar ƙasashe da yawa, wanda ganinsa ya tsaya a 20/200 ma makaho ne.

Bai kamata a raina wannan ba. Ga wanda ya shekara goma ko ashirin cikin duhu, gane inda taga take, ko bin farin layi a ƙasa, ko sanin cewa mutum ya gitta ta gabansa, abu ne da ke taɓa zuciya da mutunci. Amma dalilin da ya sa ganin ya tsaya a nan ya fi ƙarancin ɗigogi zurfi. Ƙwayoyin hawa na uku iri-iri ne, wasu suna magana idan haske ya ƙaru, wasu idan ya ragu, kuma ɗigon lantarki ɗaya, da yake ya fi su girma nesa ba kusa ba, yakan tayar da su duka a lokaci guda, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi saƙonni masu karo da juna. Haka nan zaruruwan da ke wucewa ta saman ratina daga wurare masu nisa su ma wutar tana taɓa su, sai mutum ya ga doguwar tsaga maimakon ɗigo. Ga shi kuma ratinar da ta daɗe babu haske tana sauya tsarinta, ƙwayoyinta su ƙulla sababbin alaƙa da ba su da amfani. Akwai kuma sharaɗin da ba a cika ambata ba: Argus II an amince da ita ne ga wanda ya kai shekara 25 kuma ya taɓa gani sosai a baya, saboda ƙwaƙwalwar da ba ta koyi gani tun ƙuruciya ba, ba ta da abin da za ta fassara walƙiyar da shi. Wanda aka haifa da makanta ba ya cikin lissafin tun farko.

A Jamus, ƙungiyar Eberhart Zrenner ta jami'ar Tubingen ta bi wata hanya, ta cusa guntun silikon mai ɗigogi 1,500 a ƙarƙashin ratina, daidai gurbin ƙwayoyin da suka mutu, domin hasken da ya shigo ido ya faɗa masa kai tsaye ba tare da kyamara ba. Mafi kyawun sakamakon da aka samu da ita shi ne 20/546, amma tiyatar doguwa ce, ga wayar wuta da sai an bi da ita ƙarƙashin fata har bayan kunne, ga ruwan gishirin jiki da ke cin na'urar sannu a hankali. Kamfanin da ke ƙera ta, Retina Implant, ya rufe a 2019.

A ganina, abin da ya faru da Second Sight shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci ga mutanenmu, fiye da duk wani bayani na ɗigogi da siginar lantarki. Bayan an dasa wa mutum sama da 350 Argus II a ƙasashe daban-daban, kamfanin ya daina ƙera ta a 2019, a watan Maris na 2020 kuma ya sallami mafi yawan ma'aikatansa yana dab da durƙushewa. Binciken da mujallar IEEE Spectrum ta buga a 2022 ya nuna halin da aka bar mutanen: wata mata na cikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin New York lokacin da na'urarta ta yi ƙara ta mutu tun a 2013, ba ta sake tashi ba, wani mutum ya kasa samun hoton ƙwaƙwalwa na MRI da likitocinsa ke buƙata saboda babu wanda zai ba su tabbacin abin da na'urar za ta yi a cikin injin, wani a ƙasar Holan kuma, da 'yar kwamfutarsa ta faɗi ta fashe, sai da ya bi sauran masu irinta yana neman kayan gyara. Cire na'urar kuwa wata tiyata ce mai nata haɗarin. Wannan ya faru ne ga mutanen da ke zaune a ƙasashe masu inshorar lafiya da lauyoyi da asibitocin ido a kusa. Sai a auna abin da zai sami mutumin Bunza ko Kamba da ya sayar da gonarsa ta fadama aka dasa masa irin wannan a wata ƙasa, ya dawo gida, sannan tabarau ɗin ya karye bayan wata shida. Kuɗin Argus II kaɗai, ban da tiyata da horo, dala 150,000 ne lokacin da ake sayar da ita, wanda a canjin naira 1,500 kan dala ɗaya ya haura naira miliyan 200.

Sabuwar na'urar da ta jawo zance a 2025, PRIMA, ita ma ta sha da ƙyar. Daniel Palanker na jami'ar Stanford ne ya ƙirƙiro tsarinta, kamfanin Pixium Vision na Faransa ya ƙera ta, shi ma ya karye a 2023, sai kamfanin Science na Amurka ya sayi kadarorinsa a 2024 gwajin ya ci gaba. Girmanta milimita biyu ne tsawo da faɗi, kaurinta bai kai na silin gashi ba, kuma tana da ɗigogi 378 waɗanda kowanensu ke samar da wutarsa daga haske, saboda haka babu waya babu batir a cikin ido. Kyamarar tabarau tana ɗaukar hoto, sai a harba shi cikin ido da wani haske da idon mutum ba ya gani, mai suna infared, ya sauka kan guntun silikon ɗin da ke ƙarƙashin ratina. Hikimar zaɓen wannan haske ita ce ba ya dama ganin gefe da tsohon ke da shi, sai ƙwaƙwalwarsa ta haɗa biyun, na Allah a gefe, na na'ura a tsakiya. Da yake kuma saƙon yana shiga ne ta hawa na biyu, ratina tana samun damar yin wani ɓangare na lissafin da ta saba, shi ya sa masu ita ke ganin siffar harafi maimakon walƙiya kawai. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma a matsakaici waɗanda aka gwada sun ƙaru da kusan layi biyar a allon haruffa.

Duk da haka, sharuɗɗan da labarin ya zubar a hanya suna da nauyi. Ganin baƙi da fari ne, babu launi, kuma bai kai ga gane fuska ba tukuna. Karatun a hankali ake yin sa, bayan watanni na horo, tare da taimakon maɓallin da ke faɗaɗa rubutu. An samu matsaloli masu tsanani 26 a jikin mutum 19 cikin 38, irin su hawan ruwan ido da yagewar ratina da zubar jini ƙarƙashinta, ko da yake mafi yawansu sun warke cikin wata biyu. Gwajin kuma bai haɗa da rukunin kwatanci ba, wato mutanen da za a ba su horo da tabarau mai faɗaɗa rubutu ba tare da dashe ba, domin a san rabon kowane cikin nasarar. Mafi muhimmanci gare mu shi ne cewa dukan waɗanda aka yi wa dashen masu lalacewar makula ce ta tsufa, cutar da ta fi yawa a tsakanin Turawa, kuma su ba makafi ba ne irin waɗanda muke nufi idan mun ce makaho, tunda ganinsu na gefe yana nan.

To, mece ce ke makantar da mutanenmu? Binciken ƙasa kan makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13, kuma yankin Arewa maso Yamma ne ke ɗauke da adadi mafi yawa. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido kashi 16.7, kuma jimilla kashi 84 cikin ɗari na makantar abu ne da ake iya hanawa ko warkarwa. Sauran sun haɗa da hakiya da ta biyo bayan ƙyanda ko rauni, da amosanin ido da ke juya gashin ido ya riƙa kankare tantanin gaba.

Wanda ya taɓa halartar aikin ido na kyauta da ake kaiwa asibitocin ƙananan hukumomi ya ga yadda ake tantancewa. Ma'aikaciyar jinya za ta zaunar da tsoho, ta rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ta haska ɗayan da tocila. Idan tsakiyar idon ya yi fari fat kamar an ɗiga nono, za ta matsar da tocilar sama da ƙasa, hagu da dama, tana tambaya: "Baba, kana ganin hasken nan? Daga wane gefe yake zuwa?" Idan Baba ya nuna daidai, kuma ɗan ramin idon ya tsuke da haske ya faɗa masa, to ratina da jijiya suna aiki, madubi ne kawai ya dushe. Irin wannan makanta tiyatar da ba ta cika wuce minti ashirin zuwa talatin ba ce maganinta, a cire madubin da ya dushe a sa na roba, washegari a kwance bandeji. Ganin da yake samu, da launi da fuska da karatun Alƙur'ani, ya fi abin da mafi tsadar na'urar ratina ke bayarwa ninki-ba-ninki, kuma ba ya buƙatar caji ko kayan gyara. Abin da ke ci mini rai shi ne binciken nan ya gano kusan rabin idanun da aka yi wa wani aiki saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka soka ƙarfe suka ture yanar zuwa cikin ido, aikin da sau da yawa ke ƙarewa da kumburi da hawan ruwa da makantar da ba ta da sauran magani.

Idan kuwa idon ya fito baƙi garau kamar lafiyarsa ƙalau, amma tsohon bai ga tocilar ba sam, abin da ake fargaba shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ita wannan cuta jijiyar gani take kashewa, a hankali, galibi ba ciwo ba ja, kuma ta fi saurin kama baƙar fata da tsananta a kansu. A nan wayar ce ta ƙone, saboda haka babu na'urar ratina, ta yau ko ta gobe, da za ta yi amfani. Abin da ke ceton ido shi ne a gano ta da wuri ta hanyar auna ruwan ido, musamman ga wanda ya haura arba'in ko wanda aka taɓa samunta a danginsu, sannan a dage da maganin ɗigawa ko a yi tiyata. Haka ma makantar ciwon sukari, wanda ke ƙaruwa a garuruwanmu: tana lalata magudanan jini da sauran hawan ratina, ba ta barin abin da na'ura za ta jingina da shi. Domin irin waɗannan ne ake gwada dasa ɗigogin lantarki kai tsaye a ƙwaƙwalwa, a tsallake ido gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa mutum shida a Amurka da na'urar Orion, da kuma wata mata a Elche ta Sifen wadda ta iya gane wasu haruffa da ɗigogi 96 cikin wata shida na gwaji. Amma wannan buɗe ƙoƙon kai ne, yana da haɗarin farfaɗiya da shigar ƙwayoyin cuta, kuma har yanzu bai fita daga ɗakin bincike ba.

Ba na cikin masu cewa a daina irin wannan bincike har sai an gama da yana. Kuɗin da ake kashewa a Stanford ba daga kasafin lafiyar jihar Kebbi aka ɗebo shi ba, kuma na'urar da ake dasa wa kurame a kunne ita ma da farko ƙara kawai take ba mutane, amma yau tana sa yara da dama su ji magana su koyi yin ta, da ɗigogin da galibi ba su wuce 22 ba. Ɗakin binciken Palanker yana gwada ɗigogi masu ƙanƙantar da za ta ba da damar jera kimanin 10,000 a kan guntu ɗaya, kuma ya zuwa yanzu a jikin ɓeraye aka gwada. Akwai kuma hanyoyin da ba na lantarki ba, kamar maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Luxturna da Amurka ta amince da shi a 2017, wanda ke aiki ga masu lahani a ƙwayar gado guda ɗaya tak, a kan dala 850,000 na ido biyu. Abin da nake tsoro shi ne 'yan damfara da ke bin bayan kowane irin wannan labari. Argus II ba a ƙera ta, ta Jamus ma haka, PRIMA kuwa har ƙarshen 2025 a cikin gwaji kaɗai ake samunta, don haka duk dillalin da ya yi wa iyali alƙawarin dashen na'urar gani a wani asibitin waje, ya kamata a kai takardunsa gaban likitan ido kafin a fitar da ko kwabo. Ko a Amurka, rahoton da aka buga a 2017 ya ba da labarin mata uku a jihar Fulorida da suka biya kuɗi aka yi musu allurar wasu ƙwayoyin halitta a ido da sunan magani, suka ƙare da mummunar asarar gani.

Saura waɗanda fasahar ta shafa da gaske a cikinmu, wato masu ratinaitis figmentosa, kuma suna nan, sau da yawa biyu ko uku a ɗaki ɗaya. Wasu nau'o'in cutar ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, shi ya sa ta fi fitowa a gidajen da auren zumunci ya maimaitu, kuma iyalin da suka ga dundumi yana bin 'ya'yansu suna da haƙƙin a yi musu wannan bayani cikin mutunci, kamar yadda aka saba yi game da sikila. Dundumi kuma iri biyu ne da ya wajaba a bambance. Akwai na ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda hanta da manja da zogale da ƙwayar da ake ɗiga wa yara a baki ke kawar da shi cikin ɗan lokaci. Akwai kuma na gado, wanda abinci ba ya tsayar da shi. Likita yana rarrabewa ne idan ya ɗiga maganin buɗe ido ya leƙa ratina, inda yakan ga baƙaƙen zane-zane a gefenta da magudanan jini da suka sirance. Ana iya fara wannan dubawa a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ko na jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a tura mai buƙatar ƙarin bincike Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Sanin sunan cutar ba ya warkar da ita, amma yana sauya abubuwa da yawa a rayuwar saurayin da ke ɗauke da ita. Zai daina yawon neman magani daga wannan gari zuwa wancan yana ƙarar da dukiyar gidansu. Zai iya koyon rubutun makafi da tafiya da farar sanda da amfani da wayar da ke karanta rubutu da murya tun yana da sauran gani, lokacin da koyon ya fi sauƙi, ya zaɓi sana'ar da zai iya ci gaba da ita, kada ƙanensa ya bar makaranta ya zama ɗan jagora. Masu wannan cuta kuma sukan yi yana da wuri, kuma cire ta yakan dawo musu da wani ɓangare na ganin tsakiya na tsawon shekaru. Akwai kuma batun kiyaye idon kansa: duk wata na'ura ko maganin gado da zai zo nan gaba zai buƙaci tantanin gaba garau da haske zai ratsa, da ratinar da ba ta yage ba, da jijiyar da hawan ruwa bai kashe ba. Ruwan tsirrai masu zafi, da garin da ba a san asalinsa ba, da ƙarfen masu ture yana, kowanensu yana iya fitar da ido daga jerin waɗanda za a iya yi wa dashe, haka ma maganin ɗigawa mai sinadarin siteroyid da ake saya a kemis ba da umarnin likita ba, domin yawan amfani da shi yana tayar da ruwan ido ya kuma jawo yana.